Karan Dawar da Sadiqa Ta Hana a Ƙona

A gonar mahaifinsa da ke Roni Nuruddeen ya fara ganinta, bayan girbi. Ta sauka daga acaɓa, ta tsaya gaban tarin karan dawar da yake shirin cinna wa wuta.

"Malam, kada ka ƙona. Ni ina so."

"Danga za ki yi?"

"Magani," ta ce da murmushi. "Sunana Sadiqa, ina koyar da kimiyyar sinadarai a Kazaure."

Tun daga ranar, shi ke kai mata karan duk Asabar. A ɗakin gwaji ta nuna masa yadda take tace wani ruwa dangin barasa daga karan, ta haɗa shi da naitirojin, har ƙwayoyinsu su ƙulle kamar zobe, irin wanda ake gina magunguna a kai. Katalis ɗin, wato sinadarin da ke hanzarta haɗin, da baƙin ƙarfe mai araha ta yi shi, ba ya barin guba.

Ko rabi bai fahimta ba. Ita yake kallo.

"Malamata, yau ma ban gane komai ba sai fuskarki," ya rubuta mata.

"Manomina, to sai ka dawo a maimaita," ta amsa.

Da maganar aurensu ta taso, Lauwali, abokin aikinta da ta taɓa ƙin aurensa, shi ya kai wa Alhaji Maikasuwa, mahaifin Nuruddeen, labarin wai giya take dafawa.

"Mai dafa giya ba za ta shigo gidana ba," in ji Alhaji.

Nuruddeen ya roƙe ta ta ajiye binciken har a ɗaura aure.

"In na ajiye, na amsa laifin ke nan," ta ce, idonta ya kaɗa. "Ban yi abin kunya ba. In sai na ɓuya za ka aure ni, ka tafi."

Kwana huɗu ba ta ɗaga wayarsa ba. A na biyar saƙonsa ya shigo: "Na yi kuskure, hasken raina. Ki shirya, tare za mu je gaban Baba."

Ta durƙusa a zauren Alhaji.

"Baba, Allah ya ƙara girma. Ruwan da nake tacewa, dangin wanda ake goge hannu da shi kafin allura ne. Ba sha ake yi ba. Ka zo ka gani da idonka, ka taho da malamin da ka yarda da shi."

"Kuma Baba, ka gafarce ni," in ji Nuruddeen, "ba zan auri wata ba."

Alhaji ya je ɗakin gwajin tare da limamin unguwarsu. Suka yi awa biyu suna tambaya, tana amsawa. Da suka fito, Alhaji ya juya ga Sadiqa.

"'Yata, na saurari ƙarya a kanki. Ki yafe mini."

Ranar Juma'a aka ɗaura auren a Kazaure. Alhaji da kansa ya ɗaga hannu: "Allah ya yi muku albarka, ya sa aikin nan ya warkar da al'umma."

Jama'a suka amsa da amin.