Anas a Jikin Bango

"Sauko daga tsanin nan, Ghizlane."

Muryar Baba ce. Na juyo, koren fenti yana ɗiga a kan takalmina.

"Baba, saura kaɗan..."

"Ɗana za ki zana a kafaɗar ɗan Raja? A bakin unguwarmu?"

Shekara biyu ke nan da rasuwar yayana Anas. Dutse ne ya same shi a ka, a rikicin da ya ɓarke bayan wasan ƙwallo tsakanin Wydad masu jar riga da Raja masu koriya. Mu gidanmu ja ne tun kakanni. Wanda ya saɓa shi har asibiti kuwa Soufiane ne, da koriyar rigarsa. A zaman makoki na fara ganinsa, daga nan zuciyata ta tafi.

Da matasan unguwannin biyu suka ba ni bangon da ke tsakaninsu, abin da ya faru ranar na zana.

Soufiane, wanda ke miƙo min fenti, ya russuna wa Baba. "Si Larbi, ni ne na..."

"Ba da kai nake ba." Baba ya dube ni. "Ko bangon nan, ko gidana."

Na sauko.

Kwana uku ban leƙa waje ba. Saƙo ɗaya Soufiane ya turo: "Kar ki saɓa masa, sanyin idona. Ina nan."

Rana ta huɗu Baba ya dawo daga sayen burodi hannu wofi.

"Ɗauko kayan aikinki."

Wani ne ya watsa wa fuskar Anas da ke bangon baƙin fenti. Mun tarar da Soufiane yana ta dirza da tsumma, yatsunsa duk sun fashe. 'Yan ja da 'yan kore suna kawo masa ruwa.

Baba ya dubi Soufiane.

"Anas ya yi magana a hanyar asibiti?"

"Ya yi, Si Larbi."

"Me ya ce?"

"Ya ce... kar ka yi faɗa, shi ya ɗauki hularka ta zuwa kallo."

Baba ya yi dariya, dariyar ta koma kuka. Soufiane ya riƙe shi, Baba bai ƙwace ba.

"Gyara masa ido, 'yata. Ya fi haka haske."

Ya share fuska da hannun riga.

"Kai kuma Juma'a akwai kuskus a gidana. Ka zo da manyanka."

Na ɗaga burushi, amma hawaye ya hana ni ganin bangon.