Jan Salatif

Tun ranar da Selina ta hau bayan babur ɗin Vandi, Kwaji makanike bai sake barcin kirki ba. Shi ya fara nemanta, amma Vandi ne mai sabon babur. Da Vandi ya kawo babur ɗin a ƙara masa fitilu biyu da makunni, Kwaji ya murɗa wayar sako-sako da gangan, ya rufe da jan salatif. In fitilu suka mutu a hanyar Michika, sai Selina ta ga abin da ta zaɓa.

Washegari da duhu, yana rufe shago, sai ga fitilu biyu tafe, babu ƙarar inji. Warin laka ya riga su isowa.

"Abokina, makunnin nan ya ƙi kashewa," in ji Vandi, muryarsa kamar daga rijiya.

Kwaji ya duƙa. Babu batir. Wayar mai jan salatif na lilo a tsinke, fitilun na haska masa ido.

"Ina Selina?"

"Ga ta nan. Ita ta ce mu biyo ta wurinka."

Babu kowa a kujerar baya, amma kujerar ta lotsa kamar da mutum a kai.