Fil Bakwai a Mayafin Maryamu

Da safiyar Alhamis aka kira ofishin 'yan sanda na Cajamarca daga Jami'ar Katolika ta Santa Eufrasia, aka ce an sace sarƙa daga wuyan mutum-mutumin Maryamu da ke cocin makarantar.

Sufeto Remigio Huaripata ya tarar an ma yanke hukunci kafin ya iso. An zaunar da mai gadi, Don Teófilo, a benci, hularsa a hannu. Wata biyu suka rage tsohon ya yi ritaya, ga shi ana batun gidan yari.

Fabricio Ocampo, shugaban ofishin gidauniya, shi ya tare shi. Irin mutanen nan ne da murmushinsu ke auna nauyin aljihun baƙo.

"Yallaɓai, ɗakin kwana muke son gina wa ɗaliban ƙauye. Doña Herminia Zegarra ta ba mu sarƙar zumurrudun mahaifiyarta mu yi gwanjonta ran Asabar. Mun rataya wa Uwarmu Maryamu ita kwana tara don albarka, yadda aka saba. Makullin cocin kuma a hannun wannan tsohon yake. Da idona na gan shi yana raɓe-raɓe jiya da yamma."

"Jiya da yamma kana ina?"

Ocampo ya gyara wuyan riga. "To... ina cin abinci da masu ba da tallafi a cikin gari. Amma wa zai yi in ba shi ba?"

"Ashe idonka na da dogon zango. Nawa aka yi wa sarƙar ƙima?"

"Sai gobe maƙerin zinariya zai zo daga Lima ya duba. Jiya da rana na yi wa Doña Herminia albishir."

Sufeto ya sa aka kawo tsani, ya cire takalmi, ya hau bagadin da mutum-mutumin ke kai. Kambin da ke kan Maryamu na zaune daidai. Gashin da ke ƙarƙashinsa a taje yake. Mayafin na riƙe da fil bakwai, kowanne an ɓoye kansa cikin ninki. Ba yadda za a kai ga maɓallin sarƙa a ƙeya sai an sauke duk wannan. Gwaggonsa ce ke yi wa Maryamun ƙauyensu sutura, kuma yana yaro ya sha kora daga coci in za a fara, domin ba a yi gaban namiji. Ya daɗe a saman tsanin, ransa ba daɗi.

Ya sauko ya zauna kusa da tsohon.

"Baba, wa ya shigo cocin jiya da yamma?"

"Ba kowa, ranka ya daɗe."

"To kai ka ɗauka ke nan?"

"Allah ya kiyaye."

"Ba kowa, ba kai ba. Maryamu ce ta cire ta ba iska? Nuna mini hannunka."

Yatsun sun kumbura da amosani, ko maɓallin rigarsa na sama bai iya sawa ba.

"Wa ke yi wa Uwarmu sutura a nan?"

"Doña Herminia. Shekara ashirin da shida."

"Me ke tsakaninku?"

Tsohon ya juya hularsa sau biyu. "Ita ta riƙe 'yata ranar baftisma. Mutum ba ya kai uwar baftismar 'yarsa gaban hukuma, Sufeto. Kai ma ka sani. Gara a rufe ni."

Sufeto ya sani, kuma sanin bai rage masa haushi ba.

Da azahar Doña Herminia ta iso cikin baƙaƙen kaya, direba na riƙe mata lema. A cikin cocin Sufeto ya karɓe ta.

"Ɗana, ku yi wa Teófilo sassauci," ta ce. "Talauci ne."

"Yaushe rabonki da nan, Mama?"

"Tun Lahadi."

"To ɓarawonmu mai ladabi ne. Ya sauke kambi, ya ɗauki sarƙa, ya tsaya ya taje gashi, ya mayar da fil bakwai. Mace nawa ta iya wannan ninkin a garin nan?"

Ta ɗaga kai ta dubi mutum-mutumin.

"Da kin bar mayafin a ƙasa, da yanzu tsohon nan yana tsare," in ji Sufeto.

"In bar ta kai a buɗe?" Muryarta ta fito a fusace, sai kuma ta ji abin da ta faɗa. Ta nemi benci ta zauna.

"Ina sarƙar?"

Ta buɗe jaka ta miƙa masa ita a naɗe cikin hankici. "Gilashi ne. Ta gaskiyar na sayar da ita shekarar da maigidana ya kwanta ciwo, ba wanda ya sani. A taron gidauniya Ocampo ya kira sunana gaban kowa, ya ce gidan Zegarra bai taɓa ba coci kunya ba. Me zan ce? Na ɗauka wani mai kuɗi zai saya don neman lada, ya jefa a akwati. Sai ga batun maƙeri."

"Shi ne kika bar wa Teófilo."

"Na san ba zai faɗa ba."

Wannan maganar ta fi satar yi wa Sufeto ciwo. Ya kira kurtun mace ta kama mata hannu.

A ƙofa suka iske tsohon ya miƙe tsaye. Doña Herminia ta kawar da kai za ta wuce, shi kuwa ya matso, idonsa cike da hawaye.

"Ki yafe mini, uwar baftismar 'yata," ya ce. "Wallahi ba ni na faɗa ba."

Sufeto ya buɗe mata ƙofar mota, bai yarda ya dubi kowannensu ba.