Kwalaben Umma

Ranar da Auta ta fara ganinsa, yana tsaye gaban kantar bitamin riƙe da kwalba biyu, yana jujjuya su kamar mai zaɓen kankana. Dogo ne sosai, sai da ya ranƙwafa kafin su haɗa ido ta saman kantar kemis ɗin da take aiki.

"Malama, wanne ya fi ƙarfi?"

"Na wa ne?"

"Na mahaifiyata."

"To ba ƙarfi ake nema ba, juya bayan kwalbar. Mace mai shekaru a duba mata bitamin D da kalshiyam saboda ƙashi, da B12 saboda jini da jijiya. Ayon kuwa, wato sinadarin ƙarfe na ƙarin jini, ba ta buƙatarsa da yawa, sai in likita ya ce. Tana shan wani magani?"

Bawan Allah ya yi tsuru-tsuru. Malamin lissafi guda, amma wannan tambaya ta kayar da shi. Auta ta karɓe kwalaben ta ce ya je ya tambayo. Ya dawo washegari da amsa, ya kuma dawo jibi da tambayar da ba ta da kai balle gindi. Kafin wata ya ƙare ta san ba bitamin ke kawo shi ba, ita ma ta fara kallon ƙofa.

"Likitata," ya rubuto mata, "zuciyata na bugawa da sauri duk lokacin da na wuce shagonku. Me zan sha?"

"Ruwa, Dogo. Ka kuma riƙa kallon gabanka, kada ka faɗa kwata."

Da magana ta yi nisa, ya ce ta zo ta gaida Ummansa. A hanya ya gaya mata gaskiya: Umma tana da wadda take so ya aura, 'yar ƙawarta, yarinyar da ba ta taɓa yi mata musu ba.

"Don Allah, duk abin da kika gani, ki yaba kawai."

Abin da ta gani ya fi ƙarfin yabo. A kan durowar gefen gado kwalaben bitamin ne jere, manya da ƙanana, an goge su tas. Umma ta ce cikin alfahari kullum sai ta sha ɗaya daga kowacce. Auta ta ɗaga su tana karantawa: kusan duk abu ɗaya ne, bitamin A da ayon a kan juna. Ta dubi Dogo, yana roƙonta da ido. Tana son sa har cikin ranta, amma ta san abin da wannan tarin ke yi wa hanta.

"Umma, ki yi haƙuri, waɗannan sun yi yawa. Ɗaya ta isa, sauran a zubar."

Umma ta ɗaure fuska.

"A zubar? To madalla. Ku gaida gida."

Da yamma saƙonsa ya shigo. "Ta ce ba ta amince ba. Likitata, laifina ne da ban gaya miki ba. Kowace kwalba ɗaya daga cikin yayyena ne ya aiko. Duk sun yi nisa, ba sa samun zuwa."

Auta ta daɗe riƙe da wayar, kunya ta kama ta. Ita da ke koya wa mutane su karanta bayan kwalba, ba ta tambayi wanda ya aiko ba. Maganarta gaskiya ce, ba za ta janye ba, amma ta faɗe ta kamar tana bayan kanta.

Ranar hutunta ta koma ita kaɗai. Umma ta amsa gaisuwa a daƙile. Auta ta zauna a ƙasa, ta nuna koriyar kwalbar.

"Umma, wannan wa ya aiko?"

Umma ta dubi kwalbar. "Babban yayansu. Shi ne mai rigima da wanka yana yaro."

"Wannan fa?"

Sai labari ya ɓalle. Wadda ta yi aure nesa, da wanda bai iya kiran waya ba, sai dai ya aiko kaya. Umma ta yi dariya, ta share ido, can kuma ta sassauta murya ta ce cikinta ya daɗe yana damunta, ga tashin zuciya kowace safiya, amma ba ta gaya wa kowa ba.

"Mu je likita ya auna ki, ya zaɓar miki ɗaya," in ji Auta. "Sauran su zauna inda suke, ba mai taɓa su."

"In na ce su daina aikowa, 'yar nan, me kuma zan riƙa samu daga gare su?"

"Muryarsu, Umma. Ni zan tsaya a kansu."

Umma ta ƙura mata ido. "Ke dai ba ki iya yin shiru ba."

"Ban iya ba, Umma."

"To ki zo ki riƙa yi mini surutun a gida."

Dogo na cikin aji saƙonta ya same shi: "Malam, ka turo manyanka." Ɗalibai ba su taɓa ganin an share allo da irin wannan fara'a ba.

Ranar ɗaurin aure yayyen suka zo kaf, gidan ya cika da jikoki har ba wurin aje ƙafa. Da aka kawo amarya, Umma ta kama hannunta ta ɗora a na ɗanta.

"Ga ta nan. Ranar da ta gaya maka abin da ba ka son ji, ka zauna ka saurara. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku masu kula da ku."

Ɗakin ya amsa da amin, Auta na kuka a ƙarƙashin mayafi.