Wufar da Na Ƙi Ɗagewa

Na daɗe ina yawo da wufata, babbar lasifikar kiɗa, a falo kafin na gano inda take ba da bes, amon nan mai kauri, yadda raina ke so, wato kusurwar bayan ƙofa, a kan siminti tsirara. Ranar da na ajiye ta a nan, har kofunan matata sai da suka yi rawa a kabad.

Bayan isha'i aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wani dattijo ne siriri, yana warin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

"Ɗana, ɗage akwatin nan," in ji shi. "Yana hana iyalina barci a ƙasa."

"Baba, ai mu ne a ƙasa. Babu kowa ƙarƙashinmu."

"Mun riga ku zuwa."

Matata ta riƙo hannuna, amma raina ya riga ya ɓaci. Na ce masa gidana ne, wufata ce, kuma ba inda za ta matsa. Na ƙure sautin.

Nan take wuta ta ɗauke, wufar ta yi tsit. Amma simintin bai daina bugawa a tafin ƙafata ba. Daga ƙasa ake dukansa.

A cikin duhun dattijon ya ce, "To, ga namu."