Facin Goshin Jirgi

Wata bakwai jirgin ya yi a tsakar gidan Mai Faci, a ɗore kan tsofaffin tayoyi, ya cinye wurin shanya da wurin zaman iyali. Tsohon jirgin kamun kifi ne na faiba, wato roba mai tauri da ake haɗawa da zaren gilashi, ya tarar da shi a kife a bakin kogi, mai shi ya ce ya ɗauka kyauta. Wannan kyautar kaɗai ta isa ta sa mai hankali ya dakata, amma Mai Faci mutum ne da idan ya ga fasasshen abu hannunsa ke ƙaiƙayi. Liƙe bambar mota ce sana'arsa, kuma ya yi imani babu ramin da gam ba ya rufewa.

Ya kankare tsohon fenti ya shafa wani, ya cire ruɓaɓɓen katakon da inji ke zama a kai ya sa sabo. Matarsa ta yi mita har ta gaji, don ƙurar faiba ta bi ko'ina, zanin gado ma cizon mutum yake yi. Abin da ya rage wata 'yar ɓula ce a goshin jirgin. A nan akwai kogo rufaffe, wanda masu ƙira ke bari wayam don kada jirgi ya nitse, kuma ɓular ce kaɗai hanyar shigarsa. Ran nan da la'asar ya yi bisimilla, ya shimfiɗa mata ƙyallen faiba ruɓi biyar, ya shafe da gam. Autarsa, 'yar shekara goma sha shida, ta ƙwanƙwasa wurin tana dariya ta ce, "Baba, nan kam ko tururuwa ta haƙura."

Da rana ta faɗi kaji suka ƙi shiga akurki. Gidan ya yi tsit, irin shirun da ke danne ƙirji. Sai ga dutse ya faɗo a kan jirgin, wani ya biyo, wani ya biyo. Mai Faci ya haye katanga yana zagin 'ya'yan maƙwabta, bai ga kowa a lungun ba. Da ya sauko ya ɗauki dutse guda, ya ji shi a jiƙe, sumul, da gansakuka a jiki, alhali tsakaninsu da kogi tafiyar awa ce a mota. Matarsa ta fito kwashe kwanuka, dutse ya fasa mata goshi, jini ya rufe mata ido. A lokacin ne Auta ta zube ƙasa tana yakushin wuyanta, bakinta a buɗe, numfashi ya ƙi shiga.

Haka aka yi magariba uku. Likita ya duba bai ga komai ba. Kullum jifan na ƙaruwa, kullum shaƙewar na daɗewa, har leɓunan yarinyar suka fara yin baƙi. Tsoro ya kama Mai Faci sosai. A rana ta huɗu ya ajiye taurin kai ya ɗauko malamin da ke ruƙiyya.

Malam dattijo ne marar gaggawa. Ya zagaya tsakar gidan, ya lura duk duwatsun wuri ɗaya suke sara, goshin jirgin. Ya zauna kusa da Auta ya fara karatu. Bai yi nisa ba ta miƙe zumbur. Ubanta ya riƙe ta, ta ɗaga shi, ƙato da shi, ta maka da bango har haƙorinsa ya fita. Ta gantsara wa uwarta cizo a hannu. Malam bai ɗaga murya ba, ya ci gaba da karatu har ta durƙusa tana gurnani.

"Wane ne kai?" in ji Malam. "Me yarinyar nan ta yi maka?"

Muryar da ta fito daga bakinta ta namiji ce, mai kauri da gajiya. "Ba ta yi min komai ba. Ubanta ne ya toshe mana ƙofa, uwata na ciki. Tsohuwa ce, ba ta fita. Kwana huɗu tana bugu ba wanda ya ji. Yadda take shaƙewa, haka 'yarsa za ta shaƙe."

"Me ya hana ka buɗe mata?"

"Da sunan Allah ya rufe. Na jefa, na jefa, ya ƙi fashewa."

"To faɗi abin da kake so."

"Hannun da ya liƙe. Ya shanye masa har ya mutu."

"Ba ka isa ba," in ji Malam. "Kun zauna a kayan ɗan Adam ba izini, shi kuma bai san da ku ba. Za a buɗe mata, ka ɗauke ta ku tafi, ka rantse ba za ka sake waiwayar gidan nan ba. Ka ƙi, in ci gaba da karatu har ka ƙone."

Muryar ta ce, "Na rantse da wanda ya halicce ni. Amma ta galabaita, ba za ta iya bin ɓula ba. A fasa goshin gaba ɗaya."

Mai Faci ya san idan aka sare goshin nan jirgi ya tashi daga aiki har abada. Ya ɗauki gatari ya tsaya, idonsa a kan sabon fentin. Tsayuwar ba ta fi ƙiftawar ido ba, amma matarsa ta gani.

"Maigida! Jirgi kake kallo?"

Kunya ta kama shi, ya kai sara. Gatarin ya yi tsalle ya dawo, don aikinsa mai kyau ne, abin da ya yi ta alfahari da shi. A bayansa Auta ta daina motsi. Ya yi ihu ya sake sara, ya sake, tsinin faiba na yanka masa hannu, jini na bin ƙotar gatarin. A sara na goma sha wani abu goshin ya dare. Baƙin ruwa mai ɗoyi ya kwararo, wani sanyi ya wuce ta gefen fuskarsa ya haura katanga.

Auta ta ja numfashi mai ƙara, ta yi tari, ta sake ja. Ya yar da gatarin ya rarrafa ya ɗora kanta a cinyarsa, yana kuka ba ya ɓoyewa. Ta buɗe ido, ta dubi tarkacen da ke tsakar gida.

"Baba, wa ya fasa maka jirginka?"

"Ni ne, Auta."

"Wata bakwai fa, Baba."

"Bar shi," ya ce. "Ke dai ki yi ta numfashi, ina ji."