Ashana Ɗari Takwas da Sha Biyu

Motar da ta kwaso su daga tashar Madawa ta mutu a kan hawan dutse tun kafin a hango Buza, wata Talata cikin Oktoba na 1983. Kowa ya sauko yana tsaki. Cima ta janyo kwalin littattafanta ƙarƙashin wata aduwa mai rowar inuwa, ta zauna a kai, ta fito da kaye, wato littafin rubutu, ta hau yi wa wani tsoho tambayoyi: 'ya'yansa nawa, nawa aka sa lekol, makarantar boko, nawa suka gudo. Bawan Allah albasa ya kai kasuwa, amma haka ya zauna yana amsawa kamar wanda aka kai gaban alƙali.

Wani dogon saurayi yana gefe, rungume da akwatin keken rubutu, yana ta murmushi.

"Kai hwa, mushe, dariyar mi kaka yi?" in ji Cima. Mushe, wato malam, haka ake kiran ɗan boko a can.

"Jira nike ki ƙare da shi ki zaka gare ni, in ji laihina."

Ta harare shi, amma ta matsa masa a kan kwalin. Kafin direba ya gama zagin injinsa sun gano wuri ɗaya za su. Sunansa Halidu, mutumin Ibohaman, shekararsa huɗu yana koyar da lissafi a kolej ɗin da aka turo ta. Ita kuwa 'yar Urno ce, sabuwar malamar tarihi, tana kuma haɗa memwar, wato littafin binciken da za ta miƙa wa jami'a a Yamai. Tun a ranar ya raɗa mata Madam Tambaya.

Kolej ɗin na kwana ne, can cikin duwatsun Adar, ba sai na faɗi sunansa ba. Yara ɗari biyu da 'yan kai, mata sha tara. Duk farkon shekara manyan ɗalibai sukan kama sabbi, waɗanda suke kira bule, su gasa su mako uku. A aske wa yaro rabin kai, a sa yarinya waƙa tana tsaye da ƙafa ɗaya gaban maza, a sa wani ya yi wa tukunya gaisuwar soja. Malamai na ce wa abin bizutaj, suna kuma kau da kai. Abin da Cima take bincike a kai ke nan: yara nawa yake kora, kuma me ya sa mata suka fi gudu.

A ɗakin malamai dariya ake mata. An yi musu su ma, in ji su, kuma ga su nan ba su mutu ba. Halidu kaɗai ba ya dariya. Ta ɗauka kirki ne. Kirkin ne, amma akwai wani abu ƙarƙashinsa da ba ta sani ba.

Shi ya riƙa goya ta a mobilet, ɗan ƙaramin babur ɗinsa, ranar Lahadi, daga Bangi har gangaren Keita, suna neman yaran da suka bar karatu. Su dawo jajaye da ƙurar hanya, bayanta kamar zai ɓalle. Shi ne kuma ya ɗauki nauyin buga mata memwar ɗin a kekensa, da yatsu biyu.

Kowane aji yana da babban kaye da malami ke rubuta abin da ya koyar, ya bar wa mai shigowa bayansa. A aji na biyu ita ke bin Halidu. Wata safiya ta buɗe kayen ta tarar da 'yar takarda:

"Madam Tambaya, kin tambayi kowa a ƙasar nan, ban da ni. Tambaye ni abin da ke hana ni cin tuwo."

Washegari ya tarar da amsa:

"Mai Keke, tuwon ɗakin abincin makaranta ne ke hana ka, kowa ma yana hana shi. Amma na ji. Ni ma na rage ci."

Shekara guda suna haka, har kayen ya saba buɗewa da kansa a tsakiya.

Da maganar ta isa Urno, mahaifinta Malam Zali ya ce a'a tun ba a rufe baki ba. Lekol ta cinye masa ɗa guda, ita ma Cima ba da sonsa aka rubuta ta ba, don haka ba zai ƙara da suruki ɗan lekol ba. Ga Alhaji Ɗangana mai sitocin albasa yana ta aike, mutumin kirki, sharaɗinsa ɗaya ne: ta ajiye alli. Cima ta yi kuka, ta koma bakin aiki. Ga shekarar ta zo da fari, yara na barci a aji saboda yunwa, ita ma gajiya ta zame mata riga.

Cikin Janairu na 1985 Halidu ya kai shafi na arba'in da ɗaya na memwar ɗin. Shaidar wani ce da ta rubuta sunansa da harafin G. kawai:

"Ashana guda wani babba ya ba ni, ya ce in auna tsawon filin makaranta a durƙushe, ina ƙirgawa da ƙarfi. Rana tsaka. Sau biyu yana cewa na yi kure, in koma farko. A na uku na kai ɗari takwas da sha biyu, sai na faɗi. Da na farka wandona a jiƙe, suna ta dariya. Kwana biyu na yi ina tafiya a ƙasa har gida."

Yatsun Halidu suka tsaya. Ya tambaye ta wane ne wannan.

"Wana na, Gado," in ji ta, tana gyara takardu. "Shi yaz zo na hwari a jarrabawa duk ƙasarmu. Tun 1972 bai sake taɓa alƙalami ba."

Halidu ya ce ƙyallen tawadar keken ya bushe, sai an aiko da wani daga Tawa. Ya rufe akwatin.

A makon ne kuma takarda ta zo: an ɗauke tsohon direkta, an ce Cima ta riƙe makarantar. Mace, 'yar shekara ashirin da biyar, a kan maza goma sha ɗaya. Wasu suka daina gaishe ta, wasu suka riƙa gaishe ta da yawa, wanda ya fi ciwo. A daidai lokacin Halidu ya ɗauke ƙafa. Ba mobilet, ba takarda a kaye, in sun haɗu sai ya dubi ƙasa. Malamai suka ce ai dama, wane namiji zai auri mai ba shi oda. Tun tana ƙaryatawa har ta yarda, don ba ta ga wani dalili ba. Ranta ya ɓaci ƙwarai, ga shi ba ta da lokacin zama ta yi baƙin cikin yadda ya kamata.

Bayan wata biyu ta sa takarda a kayen:

"Mushe Halidu, in kujerar nan ce ta tsone maka ido, faɗa mini. Na gaji da faɗa da maza goma, ba ni da ƙarfin na sha ɗaya. Maido mini takarduna."

Takardun suka dawo a buge tsaf har shafin ƙarshe, da wasiƙa a sama:

"Cimata, kujerarki ba ta taɓa damuna ba, kin fi mu cancanta. Ni ne na ba Gado ashanar. Ina ajin ƙarshe lokacin, ni ne shugaban masu gasa bule. Ban san sunansa ba, ban nema ba. Na tuna lambar don ni na riƙa faɗinta ana dariya har ƙarshen shekara. An yi mini nawa, na rama a kansa, shi ke nan dalilin, kuma ba dalili ba ne. Tun ranar aduwa nake jin tsoron tambayarki. Ina sonki. Ban san yadda zan shiga gidanku ba."

Ta karanta sau uku a ofis, ta sa a aljihun tebur, ta fita ta raba wa yara sabulu. Wata biyu tana zarginsa da ƙaramin laifi, ashe babban yana nan. Abin da ya fi ba ta haushi shi ne son bai ragu ba ko kaɗan.

Ba ta amsa ba. Da hutun Afirilu ya zo ta tafi Urno, ta sami Gado yana gyaran hauya a inuwar rumbu, ta karanta masa wasiƙar duka, har da wurin da bai kamata wa ya ji ba. Ta ce in ya ce a'a, ta bar maganar har abada. Gado bai ɗago ba. Ya tambaya ko dogo ne mai wushirya, ta ce shi ne. Ya ci gaba da dukan ƙotarsa.

Kwana uku bayan haka, da hantsi ya yi zafi, aka ji mobilet a ƙofar gida. Halidu ya yi sallama, ya gaida Malam Zali a zaure, ya faɗi ko shi wane ne da abin da ya yi wa ɗansa. Tsohon ya kau da kai. Sai Halidu ya fito fili, ya tuɓe takalma, ya ciro ashana guda daga aljihu, ya durƙusa a kan tsakuwa. Ya ɗora ta a bakin zaure, ya juya ta, ya sake juyawa, ya nufi rijiya.

"Ɗaya. Biyu. Ukku."

Kafin ya kai ɗari gari ya taru. Mata masu ɗibar ruwa suka sauke tuluna, wasu suka ce mushe ya taɓu. Cima tana leƙe ta jikin zana, kunya kamar ta kashe ta. Gado ya fito ya tsaya a kansa, hannu a baya.

A ɗari uku da wani abu Gado ya yi magana.

"Ka yi kure. Koma hwari."

Halidu bai yi kure ba, malamin lissafi ne, kowa ma ya ji. Ya rarrafa ya koma bakin zaure. Yanzu ba mai dariya. Rana ta take, gwiwoyin wandonsa suka huje, jini ya fara bin tsakuwa, muryarsa ta dushe har sai an kasa kunne. Cima ta saki zanar ta zauna a ƙasa, tana ƙirgawa tare da shi ba ta sani ba.

"Ɗari takwas da sha ɗaya. Ɗari takwas da sha biyu."

"Tsaya," in ji Gado. "Nan nit tsaya."

Ya sunkuya ya zare ashanar daga yatsunsa. Ya daɗe yana kallonta.

"Sau biyu kam maishe ni. Ni na maishe ka sau guda, kuma ban ji daɗi ba. Shekara goma sha ukku ina zaton daɗi gare shi." Ya juya wajen matan. "Ku ba shi ruwa."

Ya kama shi ya tayar, ya kai shi zaure da kansa. Malam Zali ya dubi ɗansa, ya ce shi aka yi wa, maganar tasa ce. Gado ya ce a ba shi Cima. Ya ce mutumin da zai durƙusa gaban matan Urno ba zai hana ƙanwarsa riƙe alli ba, kuma dama ba a yi Cima don zaman ɗaki ba. Ana fara kiran azahar tsohon ya ce to, Allah ya sa haka ya fi alheri.

Cima ta kawo ruwan ɗumi da tsumma ta ajiye a bakin zaure, ba ta shiga ba.

"Mai Keke, wa yac ce ka yi wanga hauka?"

"Ba ki amsa takarda ba, Madam Tambaya."

"Ina da aiki," in ji ta, hawaye na zuba. "Wanke gwiwakka."

Damina ta yi kyau a shekarar. Da aka koma makaranta a Oktoba, direktiris Cima ta tara yara ta ce an hana bizutaj, Halidu ya tsaya gabansu ya ba da labarinsa da bakinsa. Ba a daina a rana ɗaya ba, kada in yi ƙarya. Amma a shekarar yarinya ɗaya kawai ta gudu, Cima kuma ta bi ta har Bangi ta dawo da ita.

Bayan an kai hatsi rumbu aka ɗaura aure a Urno, Gado ne waliyyi. Da za a tafi da amarya ya matso ya sa mata wani abu a tafin hannu. Kwalin ashana ne sabo, da wata tsohuwa guda mai ɗigon jini a ciki.

"Ki kunna wutar gidanki da waccan," ya ce. "Na gaji da ajiyatta."

Malam Zali ya ɗaga hannu, jama'a suka ɗaga. Allah ya ba su zaman lafiya, ya huce musu gajiya, ya ba su 'ya'ya masu jin tausayin na ƙasa da su. Aka shafa.

Washegari da safe Cima ta ƙyasta tsohuwar ashanar a murhun sabon gidanta, ta kama a karo ɗaya, ta ɗora ruwan kunu.